Ina so in ba Baba hantata, amma maiɗakina ta ce ba ta yarda ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Sakkwato ne, shekarata 31, sana'ar albasa nake yi. Mahaifinmu yana da shekara 59. Tun bara ya fara rama, idonsa ya yi ɗorawa, muka ɗauka ciwon shawara ne aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe. Da ciki ya fara kumbura muka kai shi asibiti, aka ce ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe yana cin sa har hantar ta ƙandare, kuma hoto ya nuna ƙari a jikinta, ana zaton kansa ce, wato ciwon daji. Likita ya ce dashen hanta ne zai fi masa, amma sai a waje. An haɗa mu da wani mai kai marasa lafiya Indiya, ya ce kada mu damu, ɗari bisa ɗari ake dacewa, mu dai kawo kuɗi da wanda zai ba da hanta. Jinina da na Baba iri ɗaya ne, kuma ni ne babba, sai kowa ya zuba mini ido. Na ce na yarda. Maiɗakina tana da cikin wata shida, ga yara biyu. Tun da ta ji take kuka, ta ce in na mutu wa na bar wa su. Baffanmu kuma ya ce kada a kuskura a sa wa kansar wuƙa, wai da ƙarfe ya taɓa ta sai ta bazu. Ya kawo misalin maƙwabcinsa da aka yi wa aikin kansar hanji bai kai wata biyar ba. Inna ba ta cewa komai. Shi Baba har yau ba mu gaya masa maganar kansar ba. Muna shirin sayar da gonar fadama da fili. Gaskiya, Malam, ni ma tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar tsoron. In na ja da baya, na zama ɗan da ya ƙi ubansa ke nan? In kuma na bayar, me zai iya samuna, kuma Baba zai warke?

Wani ɗa daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya sauki maiɗakinka lafiya. Wurin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka shi ne inda ka ce kana jin kunyar tsoronka. Ka sauke wannan kunyar. Mutum mai ƙoshin lafiya da za a kwantar, a buɗe masa ciki, a ɗebi fiye da rabin hantarsa, in bai ji tsoro ba to bai gane abin da aka gaya masa ba ne. Kuma duk da tsoron ka ce ka yarda, don haka babu mai tuhumar ƙaunarka ga mahaifinka.

Sai dai ina ganin an sa ka amsa tambayar da lokacinta bai yi ba. Gida ya rabu a kan za ka bayar ko ba za ka bayar ba, alhali akwai abu biyu da har yanzu babu wanda ya tabbatar: ko dashen zai amfani Baba a matakin da ciwonsa ya kai, da kuma ko hantarka ta dace a ɗiba. Amsar ɗaya daga cikinsu kaɗai tana iya kashe wannan rigimar baki ɗaya.

Mu fara da Baba. Ba kowace kansar hanta ake yi wa dashe ba. Tun 1996 likitoci a birnin Milan na Italiya suka fitar da ma'aunin da har yau yawancin cibiyoyin dashe ke farawa da shi: ƙari ɗaya wanda bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari da bai wuce uku ba, kowanne bai fi santimita 3 ba, bai kutsa cikin manyan jijiyoyin jinin hanta ba, bai kuma fita zuwa huhu ko ƙashi ba. Waɗanda ke cikin wannan iyaka, kimanin 7 cikin 10 suna kai shekara biyar bayan dashe, kuma kaɗan ne kansar ke dawo wa. Wasu cibiyoyi sukan ɗan faɗaɗa iyakar, amma wanda ya wuce ta da nisa, musamman in ƙarin ya shiga jijiya, kansar kan dawo masa, galibi cikin shekara biyun farko. Magungunan da ake ba shi don kada jiki ya ƙi sabuwar hanta suna kwantar da garkuwar jiki, wannan kuwa sake ne ga duk ƙwayar kansa da ta ɓuya. Sai ya kasance an yanka ka, fadama ta tafi, ciwon kuma yana nan.

Don haka ka koma wurin likitan hanta, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko duk inda Baba ke da kati, da takarda da biro a hannunka. Ka tambaya ƙari nawa ne, mene ne girman kowanne, ya shiga jijiya, ya fita wajen hanta? Hoton da ake shafa wa ciki mai a goga na'ura ba ya isa ya amsa waɗannan. Ana buƙatar hoton siti sikan ko na em-ar-ai wanda ake sa wa mutum ruwan allura kafin a ɗauka, da hoton ƙirji, da gwajin jinin da ake kira AFP. Hotunan su kansu, ba takardar sakamako kawai ba, a tura su ta hannun likitanku zuwa cibiyoyin dashe biyu daban-daban, a nemi amsa a rubuce. Kai ɗan kasuwa ne, ba ka biyan kuɗin buhu sai ka kwance bakinsa ka ga ta ƙasa. Kada a sa hannu a takardar gona kafin wannan amsar ta zo. Amma a yi shi da hanzari, cikin makonni, don ƙarin hanta ba ya jiran a gama taron dangi.

Shi wannan mai kai mutane Indiya, kalmarsa ta ɗari bisa ɗari ta isa ta sa ka yi taka-tsantsan da shi. Babu likitan dashe na gaskiya da zai faɗi haka. A cibiyoyi masu kyau, kimanin 9 cikin 10 ne ke raye bayan shekara guda, ma'ana akwai na goma. Ba na cewa mutumin macuci ne, wataƙila ya taimaki wasu da biza da masauki da tafinta, amma abincinsa yana cikin tafiyarku, don haka ba shi zai yanke hukuncin ko a tafi ba. Kuɗin aiki a biya asibiti kai tsaye, da rasit. Ka kuma sani dokar Indiya ta 1994 ta sa sai wani kwamiti ya binciki dangantakar mai bayarwa da mai karɓa kafin a yi aiki, kuma sayar da sassan jiki laifi ne a can, laifi ne a nan ƙarƙashin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014. Duk wanda ya ce zai samo muku mai ba da hanta a biya shi, ku rabu da shi.

Yanzu kai. Dacewar rukunin jini ƙofar farko ce kawai. Abin da ya fi damuna, kuma ban ga ka ambata ba, shi ne ko kai kanka an gwada ka. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma a ƙasashenmu yawanci tun ana ƙanana ake ɗauka: wajen haihuwa, ko tsakanin yaran gida ɗaya, ko ta askar wanzami da reza da aka yi wa mutum fiye da ɗaya amfani da ita. Mutum yakan yi shekara talatin da ita yana jin garau. In gwaji ya nuna kana ɗauke da ita, ba za a karɓi hantarka ba, kuma sai ka fara kula da taka. Inna da ƙannenka da yaranka duk a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Maiɗakinka ita ce gaba a layi: in tana da ita kuma ƙwayar ta yi yawa a jini, akwai maganin da ake ba mai ciki a watannin ƙarshe don kare jariri. Ko tana da ita ko babu, a yi wa jaririn allurar rigakafin farko cikin awa 24 da haihuwa. Wannan kaɗai, ko ba a yi dashe ba, zai taimaka ƙwarai wajen hana labarin Baba maimaituwa a jikokinsa.

In ka tsallake wannan, za a duba kitsen hantarka, da zuciya da huhu da ƙoda, da yadda jijiyoyi da bututun madaci suka rarrabu a cikinta, a kuma auna girmanta. Babba in zai ba babba, yawanci ɓangaren dama ake ɗiba, kusan kashi 60 cikin 100, tare da matsarmama, kuma dole abin da zai rage maka ya kai aƙalla kashi 30. Da yawa daga masu zuwa da niyyar bayarwa a nan ake mayar da su. Zama ɗan fari kuma ba sharaɗin likita ba ne. Duk wanda ya kai shekara 18 cikin 'ya'yan Baba kuma zuciyarsa ta yarda, a gwada shi, kada nauyin ya zama naka kai kaɗai don kawai ka riga su zuwa duniya.

Ka tambaye ni me zai iya samunka, ba zan ɓoye maka ba. Masu ba da ɓangaren dama, kimanin 2 zuwa 5 cikin 1,000 sukan rasa rai ta dalilin aikin. Adadi ne kaɗan, amma ba sifili ba ne, kuma maiɗakinka ba ta yi ƙarya ba da ta ambaci mutuwa. Kusan 1 cikin 3 ko 4 sukan gamu da wata matsala, akasari mai wucewa: wurin ɗinki ya yi ruwa, ruwa ya taru a ƙirji, jini ya daskare a ƙafa, ko madaci ya riƙa yoyo daga inda aka yanka, a bar maka roba a gefen ciki kana ganin ruwa kore-kore yana taruwa a leda na wasu kwanaki ko makonni. Hanta tana tofowa, mafi yawan girmanta yana dawowa cikin watannin farko, kuma akasarin masu bayarwa suna komawa rayuwarsu da iyalinsu yadda suka saba. Kwana bakwai ko kusa da haka za ka yi a gadon asibiti. Amma kai da buhun albasa sai bayan wata uku aƙalla, domin ɗaukar nauyi da wuri yana sa ɗinkin ciki ya saki, hanji ya ɓullo ƙarƙashin fata, a sake wani aikin. Ka lissafa wannan da lokacin kakar albasa da lokacin haihuwar maiɗakinka.

Shi kuwa Baba, ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata ne ainihin aikin zai fara. A kwanakin farko ana tsoron zubar jini, da toshewar jijiyar da ke kai wa sabuwar hanta jini, wadda kan sami 'yan kaɗan cikin ɗari amma tana iya kashe hantar. Bututun madaci shi ne ya fi ba da wahala a dashen da aka ɗebo daga mai rai: kusan 1 cikin 4 ko 5 yakan yi yoyo ko ya tsuke, wani lokaci bayan an dawo gida da watanni, sai an zura na'ura ta baki an buɗe shi. Jiki yakan yi yunƙurin ƙin hantar a wajen 1 cikin 5, yawanci magani yana kwantar da shi in an gano da wuri. Daga nan sai maganin takrolimus mai hana jiki ƙin sabuwar hanta, sau biyu a rana, awa goma sha biyu tsakani, har ƙarshen rayuwa, tare da tenofobir ko entekabir don kada ƙwayar B ta kama sabuwar hantar. Takrolimus in ya yi kaɗan jiki ya ƙi hanta, in ya yi yawa ya taɓa ƙoda, ya tada hawan jini da suga, shi ya sa ake yawan auna shi a jini. Ka tuna zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40. Dattijo mai shan wannan magani in ruwan jikinsa ya ƙafe, ƙodarsa ce za ta biya. Zazzaɓin da wani zai sha farasitamol ya kwanta, shi asibiti zai kai shi a ranar, kuma dole a bincike shi tarin fuka tun kafin aiki. Jiƙe-jiƙe kuwa an yi ban kwana da su.

Na daɗe a nan ne saboda a nan iyalai da yawa ke karyewa. Kuɗin aiki, wanda ake maganar gomman dubban daloli, gona tana iya biya sau ɗaya. Zaman wata biyu zuwa uku a can, da magani da gwaji na kowane wata, da yiwuwar komawa in matsala ta taso, su ba sa ƙarewa. Kafin ku tafi ku san wane likita zai riƙa duba shi a nan, ina za a riƙa auna maganin, ina za a riƙa sayensa ba yankewa, kuma aljihun wa zai ɗauka shekara bayan shekara in fadamar da ke ciyar da gidan ta tafi.

Baffa kuma kada ku yi masa gardama a gaban mutane, abin da ya gani da idonsa yake faɗa, Allah Ya jiƙan maƙwabcin nasa. Amma ba ƙarfe ne ke yaɗa kansa ba. Mutanenmu suna zuwa asibiti ne bayan ciwon ya riga ya bazu a ɓoye, a buɗe ciki a tarar da shi ko'ina, mutum ya rasu, sai laifin ya hau kan wuƙa. Kansar hanji da aka kama a matakin farko aka yanke, kimanin 9 cikin 10 suna wuce shekara biyar. Wadda ta riga ta kai hanta ko huhu, ko 2 cikin 10 ba sa kaiwa. Aikin hanji shi ma yana da nasa haɗarin, mafi muni shi ne mahaɗar da aka ɗinke ta ɓalle. Akwai ɗan wurin da maganar Baffa ta kusa da gaskiya: tsira wa ƙarin hanta allura don ɗebo samfuri yana iya, a lokuta kaɗan, jan ƙwayoyin kansa ta hanyar allurar, shi ya sa in hanta ta ƙandare likitoci kan tabbatar da ita ta hoto ba tare da sun tsira ba. Ka roƙe shi ya raka ka wurin likita, ya yi tambayarsa da bakinsa.

Maiɗakinka ba ƙin mahaifinka take yi ba, kada ka bari kowa ya fassara kukanta haka, domin irin wannan tabon yana daɗewa tsakanin mace da dangin miji. Mace ce mai cikin wata shida da ta ji an yanke magana a kan ran mijinta ba a tambaye ta ba. Ka zauna da ita ku biyu, ka ce mata kai ma kana jin tsoro, ka faɗa mata adadin da na faɗa maka ba ragi ba ƙari, ka kuma yi mata alkawarin ba za ka sa hannu ba sai ta ji daga bakin likita. Tambayarta ta wa ka bar wa su tana da amsa, kuma 'yan'uwanka ne za su ba da ita: wa zai riƙe kasuwancinka, wa zai ciyar da gidanka wata uku ko huɗu, wa zai tsaya mata ranar haihuwa, me za a ware wa yaranka in ƙaddara ta faɗa. A faɗa a gaban shaidu, a rubuta. Shirun Inna kuma na fahimce shi. In ta ce ka bayar ta sa ɗanta a haɗari, in ta ce kada ka bayar ta juya wa mijinta baya. Kada ka tambaye ta a taro. Ka same ta a ɗakinta bayan isha'i, ka ce mata duk abin da ta faɗa tsakaninku ne.

Abin da ba zan goyi bayanku a kai ba shi ne ɓoye wa Baba. Na san tausayi ne, amma jikinsa ne, gonarsa ce, ɗansa ne za a yanka. Babu cibiyar kirki da za ta yi masa dashe bai san dalili ba, kuma bai kamata ya fara jin kalmar kansa daga bakin tafinta a wata ƙasa ba. Yana da haƙƙin ya shirya wasiyyarsa, ya warware basussukansa, ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Akwai iyaye da ke cewa sam ba za a taɓa musu ɗa ba, akwai masu karɓa da godiya, kuma ba ku san wanne ne shi ba sai kun tambaye shi. Ku sami likita da wani aminin da yake jin nauyinsa, a fara da tambayarsa me ya fahimta game da ciwonsa da kuma iya abin da yake son a gaya masa. Sau da yawa dattijo ya riga ya gane, shi ma shiru yake yi don kada ya tayar muku da hankali.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa: da yardar mai bayarwa, ba ciniki, kuma kada ya zama halaka gare shi. Halattawa ce, ba wajabtawa ba. Ka je wa malamin da ka natsu da shi da cikakken bayanin likita, ka yi istihara. Ka kuma sani a cibiyoyin dashe ana ganawa da mai bayarwa shi kaɗai, ba dangi a ɗakin, kuma yana da damar janyewa har ranar aiki. In ya janye, sukan ce wa iyali kawai bai dace ba, ba tare da tona dalili ba. In bayan duk wannan zuciyarka ta natsu ka bayar, ka yi babban alheri. In ka ga ba za ka iya ba saboda ƙananan da ke bayanka, ba ka zama ɗan da ya ƙi ubansa ba, su ma amana ce a wuyanka.

In amsa ta zo cewa dashe ba zai yiwu ba, ba a bar Baba haka nan ba. Da yake cikinsa ya tara ruwa, yanke ƙarin kaɗai da wuya hantar ta jure, amma ƙaramin ƙari ana iya ƙona shi da allura mai zafi, wani ana toshe jijiyar da ke ciyar da shi, akwai kuma magungunan rage masa gudu, gwargwadon ƙarfin da ya rage wa hantar. Maganin ƙwayar B shi kansa, in bai fara ba a tambayi likita yau, don yakan farfaɗo da hanta a wasu cikin watanni. A rage masa gishiri da dunƙulen miya, a nisanta shi da gyaɗa da masara masu fumfuna, kada a saya masa diklofenak ko ibufurofen a kemis. In ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi, ko ya fara ruɗewa yana barcin rana yana farke da dare, ko zazzaɓi da ciwon ciki suka haɗu, a kai shi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Rage masa raɗaɗi da zuƙe ruwan ciki don ya samu ya yi numfashi ya yi sallarsa cikin sauƙi, shi ma jinya ce cikakkiya.

Gobe da safe ka ɗauki maiɗakinka ku je a gwada ku tare, gwaji ne mai sauƙi kuma sakamakon ba ya daɗewa. Cikin makon nan ka samo amsoshin nan huɗu game da ƙarin, ka roƙi 'yan'uwa a dakatar da cinikin fadama har cibiyoyin su amsa. In sakamakon ya fito ka sake rubuto mini, mu duba mataki na gaba. Ka gaishe da Inna, Allah Ya ba Baba sauƙi.